Murfin Tanderun Don Remigio

Shekara goma sha tara ina naɗe bakin empanada, irin samosar ƙasarmu da ake gasawa, a gefen Don Remigio Funes, kuma shekara goma sha tara muna cacar baki. Shi ya ce albasata ta yi kaɗan, ni na ce hancinsa ne ya mutu. Wanda ya gan mu a bikin 'yan Argentina da ake yi duk watan Mayu a garin nan namu na bakin teku, kusa da Malaga ta ƙasar Sifen, sai ya rantse mata da miji ne da suka gaji da juna. Ba mijina ba ne, Allah ya kiyaye. Ɗan jiharmu ne kawai, jihar Mendoza ta Argentina. Ni daga San Rafael, shi daga ƙauyen Pareditas, kuma in kana ƙasar wasu wannan ma dangantaka ce.

Kwana uku ake yi ana bikin. Masu giyar inabi su taso daga gida da kwalayensu, masu gashi su shimfiɗa haƙarƙarin saniya a kan garwashi, a yi kiɗa, a yi rawa, tsofaffi su yi kuka a kan waƙoƙin da ba su ma so lokacin da suke gida. Amma layi mafi tsawo kullum a gaban tanderun Don Remigio yake.

Tanderun laka ne, irin na bayan gidan kowace kaka a jiharmu. Hukumar gari ta yarda ya gina shi a kusurwar filin, da sharaɗin ya rushe shi ranar Litinin bayan biki. Don haka duk shekara, saura kwana goma sha biyu, sai ka gan shi da wando a naɗe yana cuɗa laka da ciyawa da kashin doki da ƙafafunsa. Ya zuba gishiri da fasassun kwalabe a ƙasa don su riƙe zafi, ya jera bulo a kai, ya ɗaga ƙubbar tanderun a hankali. Itacensa busassun rassan inabi ne, ba ya yarda da wani. In wuta ta ci har cikin ya yi fari, sai ya jefa guntun jarida. Idan ta kama da wuta, a jira. Idan ta yi ja ba ta kama ba, zafi ya yi daidai ke nan, sai ya waiwayo ya daka mini tsawa kamar ni na riƙe shi.

Abu ɗaya ne ba ya rushewa: murfin. Baƙin ƙarfe ne mai nauyin kilo tara, da harufa biyu, E da F, da aka huda da ƙusa a tsakiyarsa. Kowa tanderu yake ginawa sannan ya nemo masa murfi. Shi murfin yake kafawa da farko, sannan ya gina tanderun a jikinsa. In biki ya ƙare ya shafe shi da kitse, ya naɗe shi a tsohon bargo, ya tura ƙarƙashin gado sai wata shekara.

Sai da muka yi shekara uku muna aiki tare kafin ya gaya mini asalin murfin, wata safiya muna shan mate, shayin ganyen ƙasarmu, muna jiran laka ta bushe. Ubansu ne ya ƙera wa uwarsu, Doña Encarnación, shekarar da aka ɗaura musu aure. A bakin wannan tanderun aka yaye Remigio, a nan aka yaye ƙanensa Eladio. Tun yana ɗan shekara tara yake bin uban cikin gonar inabi da almakashin datsa, kuma abin da ya sani a duniya ke nan har ya haura hamsin: datsa da sanyi, ban ruwa da zafi, tsinka a watan Maris, burodi ranar Lahadi. Sai uwar ta rasu, bayanta da 'yan watanni ƙasa ta rikice, a shekarar 2001 ɗin nan da ba ma son tunawa. Gonar ba za ta ciyar da gida biyu ba. Remigio ya ce shi ne babba, shi zai tafi.

Ya bar wa Eladio gida, ya bar masa gona da rabon ruwanta. Da safen da zai tafi ya zagaya bayan gida da sukundireba, ya kwance murfin, bai tambayi kowa ba. A filin jirgi da aka ce akwatinsa ya yi nauyi, kwat ɗinsa da takalmansa ya ciro ya bar musu. Ya iso nan ya zama lebura, ya zama magini, ya binne matarsa a ƙasar da ba tata ba. Sau ɗaya tak Eladio ya kira shi a waya, sati biyu da isowarsa. Kalma ɗaya ya faɗa: ɓarawo. Tun ranar babu wanda ya sake jin muryar wani.

"Na bar masa komai, Nilda," in ji shi. "Murfi ɗaya na ɗauka. Murfi ɗaya!"

"Ka ɗauke murfi ai ka kashe tanderu," na ce. "Shi ya yi jinyar uwar taku, ka bar shi da rami a buɗe. Ka kira shi mana."

"Ni? Shi ne ƙarami, shi zai kira."

"Ƙaramin da har ya yi furfura? To ku zauna, ku ga wanda za a fara kira a ce an binne ɗayan."

Ya yi kwana biyu bai yi mini magana ba. Amma na san maganar ta shige shi, domin abin da yake tsoro ke nan. Duk sanda wayarsa ta yi ƙara da lambar gida, sai na ga fuskarsa ta yi fari kafin ya ɗauka.

A haka muka yi ta yi har bikin bara. Ranar Asabar da tsakar rana, layi ya kai har rumfar masu kiɗa, sai ga wata mata ta iso gaba, doguwa, gashinta ya fara furfura, da rigar aikin masu sayar da giyar inabi. Na miƙa mata empanada biyu a takarda, ba ta karɓa ba. Idonta yana kan tanderun.

"Baba, gafara dai," ta ce. "Wannan murfin, ba na gidan Doña Encarnación ba ne?"

Don Remigio ya tsaya da dogon cokalin katako a hannu. "Wa ke tambaya?"

"Griselda ce, 'yar Ortubia mai shago kusa da coci. Ni ake aike sayen burodi gidanku ranar Lahadi. Da harufan nan biyu na fara koyon karatu." Ta yi dariya ta dafa ƙirji. "Ashe nan ya zo! Wallahi duk garinmu an ɗauka Don Eladio ne ya fara ruɗewa."

"Me ya same shi?" in ji Don Remigio.

"Lafiyarsa lau, sai dai ƙafa da sanda, ido kuma ya fara hazo. Amma har yau duk Lahadi sai ya hura tanderun nan. Da wani guntun langa-langa yake rufe shi, ya tokare da itace. Burodin gefe ɗaya ya ƙone, gefe ɗaya ɗanye, haka yake ci. Maƙeri ya ce zai yi masa sabo kyauta, ya kore shi da sanda. 'Ya'yansa suka sayo na kanti, ya ba kaji suna shan ruwa a ciki."

"Taurin kai," in ji Don Remigio. "Tun yana yaro haka yake."

"Ai duk wanda ya yi masa magana amsa ɗaya ce. Ya ce tanderun nan yana da murfinsa. Tafiya ya yi, zai dawo."

Ranar nan Don Remigio ya ƙona faranti guda, empanada talatin da shida, abin da bai taɓa yi ba. Hayaƙi na fita ta gefen murfin yana tsaye yana kallo. Shekara da shekaru ina jiran ranar da zan kama shi da laifi, da ta zo kuma sai tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina. Na janye farantin na zubar, na ce wa masu layi su yi haƙuri.

Litinin da safe ya zo da gudumarsa. Ya kwance murfin, ya shafe shi da kitse fiye da kullum, ya naɗe a bargon, ya ɗaure da igiya. Maimakon ya nufi gida sai ya nufi inda Griselda take loda kwalayenta a mota. Na bi shi, don ba a yin irin wannan ba ni.

"Ki kai masa," ya ce.

"In ce masa me, Don?"

Ya daɗe yana murza hularsa. "Kada ki ce komai. Ki dai ce masa ƙusar ƙasa ake fara sawa, in ba haka ba zai karkace."

"Shekara ashirin!" na ce. "Shekara ashirin, saƙonka ke nan? Ƙusa?"

"Nilda, don Allah ki ƙyale ni."

Sai jira. Wata ɗaya, wata uku, sanyi ya zo ya wuce, Eladio bai kira ba. Griselda ta aiko cewa ta kai, tsohon ya karɓa ya shige ciki ya rufe ƙofa, abin da ta gani ke nan. Don Remigio ya rame a wannan shekarar. Ya daina musu da ni a kan albasa, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Da Mayu ya matso ya ce ba zai gina ba, a nemi na gas. Na ce in ya ga na naɗe empanada ɗaya don tanderun gas to ba ni ba ce. Na yi ta zuwa ƙofarsa kullum har ya gaji da ni ya ɗauko cebur. Ya gina ba tare da murfi ba, ba tare da awo ba, hannunsa kawai ya bi abin da ya saba. Bakin tanderun ya tsaya a buɗe, muka shirya za mu tokare shi da tsohon faranti.

Jumma'a da hantsi, ana kafa rumfuna, sai ga Griselda da wani abu mai faɗi a hammata, an naɗe shi da buhu. Ta ajiye a gaban Don Remigio. Ya yanke igiyar da wuƙar nama. Langa-langa ne, baƙi ƙirin da hayaƙin shekara ashirin, gefensa duk ya cinye, da ramin da itacen tokara ya yi a tsakiya. Ya ɗaga shi ya kara a bakin tanderun. Ya zauna daidai, ko yatsa ba zai shiga ba.

"Ya ba ni saƙo biyu," in ji Griselda. "Na farko, ya ce gefen hagu ne ke ƙuna, ka riƙa juya faranti."

Don Remigio ya gyaɗa kai, bai juyo ba.

"Na biyu, ya ce aro ne ya ba ka, ba kyauta ba. Kuma kada ka aiko da shi ta hannun kowa. Ka kawo masa abinsa da kanka."

Kwana ukun nan empanada ɗinmu duk gefen hagu a ƙone yake, don ya ƙi juya farantin. Wani ɗan gayu ya dawo da tasa yana ƙorafi, Don Remigio ya ce masa haka ake cinta a Pareditas, in ba ya so ga masu gas can. Ya ce albasata ta yi kaɗan har sau huɗu, na ƙirga.

Litinin ya rushe tanderun kamar kullum. Ya goge langa-langan da tsumma, ya yi ta auna shi da taƙi, tsawo da faɗi. Sannan ya dube ni yana share gumi.

"Nilda, wannan babban akwatin naki, mai ƙafa. Kina amfani da shi watan gobe?"