Baƙo Mai Jarida na Tashar Tawa

Baƙo ɗan Kalfu ne, amma Tawa ta fi garinsu saninsa. Farin shekarar tamanin da huɗu ne ya kore shi daga gona, ya shigo birni yana dako a tasha. Abu ɗaya Allah ya hore masa fiye da kowa, murya. In ya kira fasinjan Yamai daga bakin tasha, har cikin kasuwa ake jinsa.

Da aka yi babban taron ƙasa bakin mutane ya buɗe, jaridu suka yi ta ɓullowa a Yamai, kowace da wanda take yabo da wanda take zagi. Wani direba ya fara kawo wa Baƙo ƙunshinsu, ya ajiye dako ya kama talla. Sai dai da Faransanci ake rubuta su, shi kuwa bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Don haka kowace safiya yakan kai su rumfar mai shayi wurin Mushe Sule, wani malamin lakwal mai son siyasa. Mushe ya karanta kyauta, ya gaya masa babban labarin da Hausa, Baƙo ya bi gari yana shelarsa. A haka ya yi aure, ya sayi keke. Mutane suna ce masa ɗan jarida, yana jin daɗi har cikin ransa.

Ana nan tawaye ya yi zafi a arewa, aka cika hanyoyi da shinge, kowa na zargin kowa. Wata safiya Baƙo ya miƙa wa Mushe jarida ya ce, "Mushe, me ke gaba yau?"

"Yau kam za ka yi ciniki," in ji Mushe Sule. "An ce Attahir na Tebaram, mai hatsi, shi ke kai wa 'yan tawaye gero a daji."

Baƙo ya yi turus. Ya san Attahir, ya sha sauke masa buhuna, kuma da Raƙiya matar Baƙo ta haihu Attahir ya aiko musu da tiyar gero.

"Attahir namu, Mushe?"

Mushe ya ɗora yatsa kan wani layi. "Ga sunansa nan. Ko ka fi ni karatu ne?"

Mutanen da ke rumfar suka sunkuyar da kai, ɗaya yana ɓoye dariya cikin kofin shayi.

Baƙo ya hau keke ya bi gari yana faɗa. Kafin azahar jaridu sun ƙare. Waɗanda suka saya suka duba ba su ga komai ba, ba kuwa wanda ya bi shi ya gaya masa. Da la'asar motar masu kaki ta tsaya gaban shagon Attahir, aka jefa shi baya ko takalmi babu.

Washegari Kande, matar Attahir, ta zo tasha riƙe da jaridar.

"Malam Baƙo, nuna mini sunan mai gidana."

Ya ɗora yatsa inda Mushe ya ɗora.

"Nan an karanta mini. Maganar ƙwallo ce. Na kai ta wurin masu karatu, duk cikinta babu Attahir, babu Tebaram."

Ta sake ta a kan ƙafarsa ta tafi. Baƙo ya ruga rumfar mai shayi. Mushe Sule bai ko ajiye biredinsa ba.

"Ni na gaya maka? Ku da kuke nan, kun ji na faɗi haka?"

Babu wanda ya ji. Sai daga baya Baƙo ya gane dalili. Attahir ya fita daga jam'iyyar su Mushe, mutanen Tebaram da yawa suka bi shi.

Bayan damina aka sako Attahir, hannu yana karkarwa, kunnuwa sun toshe saboda mari, hatsinsa kuma an kwashe. Baƙo ya je har gida ya durƙusa a zaure ya ce, "Ka gafarce ni, ban sani ba."

Attahir ya daɗe yana kallon bakinsa. "Ba na ji. Ɗaga murya, ai kana da ita."

Baƙo ya tashi ya ɗauki takalmansa.

Tun daga nan gari ya canza masa suna, ya zama Baƙo Ƙarya. Ko gaskiya ya yi shela sai a ce a jira wani ya karanta. Sannan darajar kuɗin sefa ta faɗi, takarda ta yi tsada, ma'aikatan da ke saye suka yi wata da watanni ba albashi. Mutum goma sai su karanta guda ɗaya a tsaye, su mayar masa da ita duk maiƙo. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara labarai da Hausa, har masu karatun tsaye suka daina zuwa. Abin da ya kwana sai ya kai wa masu tsire su naɗe nama. Ya sayar da keken. Raƙiya ta koma gidansu a Affala da yara, ta ce za ta dawo in abubuwa sun gyaru.

Mushe Sule kuwa siyasa ta karɓe shi, aka ba shi ofis a Yamai. Da ya zo Sallah a ƙarshen shekarun casa'in, ya zauna a rumfar yana ba da labarin wani abu wai shi intanet, inda ake karanta labaran duniya a jikin kwamfuta, ya ce takarda kam kwananta ya ƙare. Da ya hango Baƙo sai ya sa aka kai masa shayi. Baƙo bai karya ba tun safe. Ya sha.

Ba a jima ba direban ya daina kawo ƙunshin, ya ce bai kai kuɗin wahalarsa ba. Baƙo, da furfurarsa, ya bi samarin da ke tafiya biɗar kuɗi Abijan. Wasu sun ce sun gan shi yana gadi a wata kasuwa, wasu sun ce bai kai can ba. Wurin zamansa a bakin tasha, wani mai sayar da batirin rediyo ya kafa tebur.