Ranar Da Aka Zo Yi Wa Baba Bankwana

Ko zan manta komai, ban da ranar da dangi suka cika asibiti don yi wa Baba bankwana, alhali shi ko niyyar tafiya ba shi da ita.

Da muka gudo daga Mubi lokacin tashin hankali, a unguwar Damilu muka sauka. Nan hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta fara dawowa a hankali, amma zuciya ta ƙi. Mutumin da in ya fara hira a shagonsa sai an roƙe shi ya yi shiru, ya koma kallon bango. Abinci sai da lallashi. Wallahi na tsorata, na ga baƙin ciki zai ɗauke mana shi muna kallo.

Likita ya ce wannan ma ciwo ne, ciwon damuwa, yakan biyo bayan shanyewar jiki. Ya rubuta magani, ya ce za su kuma gwada ba shi iskar oksijin lokaci-lokaci, ko a dace. Na kira Goggo, ƙanwar Baba, na ce an sa masa oksijin. To, kun san mu! Wanda aka sa wa oksijin, a wurinmu saura wanka da sallah. Kafin la'asar labari ya zaga unguwannin Alƙalawa da Gwadabawa. Mutanen da tun gudunmu ba mu sa su a ido ba, sai ga su cike da ɗakin, ido jajir.

Goggo ta durƙusa bakin gado tana kuka. "Hamma, yayana, ka yafe mini. Ni na saki tantabarunka muna yara, aka zane ƙaninmu a banza."

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya janye robar hancin. Da harshensa mai nauyi ya ce, "Ashe ke ce, ja'ira!" Sai dariya ta ƙwace masa, baki a karkace, har da hawaye. Ni kam zama na yi a ƙasa, don na manta yadda dariyarsa take.

Ya ci gaba da maganinsa da oksijin ɗinsa, dangi kuma kunya ta hana su ɗauke ƙafa. Yau yana ƙofar gida da sandarsa, yana cika maƙwabta da surutu. Tsakanin magani da oksijin da zuwan dangi, wanne ya fi yi masa aiki, Allah kaɗai ya sani. Abin da na koya dai shi ne, in ɗan'uwanka ya kwanta, je ka zauna kusa da shi tun yana iya amsa maka.