Bindigar da Inuwa Ke Tayarwa

Shekarun farko da muka koma garin Bowie a Amurka, na ɗauki wata ɗabi'a da matata ke kira wasan yara: harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba a ɗakin ƙasa. Injiniya ne ni, kuma abin da ya fi burge ni shi ne na'urorin gwaji da Jamusawa suka riƙa ɗora wa jiragensu da suka ga yaƙin duniya na biyu yana kuɓuce musu.

Akwai guda da na fi ji da shi. An kafa masa bindigogi a tsaye bayan mazaunin matuƙi, bakinsu na kallon sama, da wani ɗan ido mai gane haske. Matuƙin ba ya harbi. Zai dai kutsa ƙarƙashin babban jirgin da ke jefa bama-bamai, da zarar inuwar jirgin ta rufe idon, sai bindigogin su tashi da kansu.

Maƙwabcinmu wani dattijon Bature ne da ya haura tamanin, matarsa ta rasu, muna ce masa Baba. Wata Babbar Sallah matata ta gayyato shi. Ya ci tuwon shinkafa da cokali, yajin soyayyen nama ya sa shi hawaye yana dariya. Da aka gama ci na ja shi ƙasa, yana dafa bango, don ya ga kayana.

Na ɗauko jirgin na shiga zuba bayani. Har na kunna fitilar tebur, na mai da tafin hannuna jirgin Amurka, na bi da shi ta sama don ya ga yadda inuwar ke faɗawa. Na ce masa duk wanda ya ƙirƙiro wannan yana da kai. Har ƙarar harbin na kwaikwaya da baki.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni inda harsashin ke samu. Na nuna masa tsakiyar tafina.

"Nan nake zama lokacin yaƙin, ɗana," in ji shi. "Cikin wani ƙoƙon gilashi a ƙarƙashin jirgin, gwiwoyina a kunnuwana."

Hannuna na nan a sama, na rasa yadda zan sauke shi. Shekara da shekaru muna gaisawa ta kan shinge, ban taɓa tambayarsa me ya yi da ƙuruciyarsa ba. Na fara ba shi haƙuri, ya ce babu komai, shi bai taɓa gamuwa da irin wannan ba. Abokansa da ba su dawo ba kuwa, bai san me ya same su ba.

Na yi makonni ina ɓuya a mota in na hango shi a ƙofar gida. Matata ta ce wannan ɓuyan ya fi abin da na yi muni.

Shi ya zo ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ya ce ya daina tuƙi, yana so in kai shi gidan ajiye tsofaffin jirage da ke jihar Virginia. Muka tafi wata Asabar. Muka tsaya gaban wani jirgin Jamus na gaske, ya zagaya shi a hankali, ya ce ashe ƙarami ne haka. Bai yi zancen harbi ba. Zancen sanyin sama ya yi, da yadda yatsun ƙafarsa biyu suka mutu, da wani ɗan garinsu mai amai duk lokacin da jirginsu ya tashi. Na riƙe masa rigar sanyinsa ina saurare, har ya ce ƙafarsa ta gaji, mu nemi wurin zama.