Tsakar da Ta Tsayar da Takalmin Kaka

A wani masauki a Jakarta na ji wannan 'yar ƙarar daga bayan labule, tsit-tsit-tsit. Mai shara ya ce da ni sunanta cicak. Larabawa wazaga suke cewa. Ni kuwa tsaka na sani, kuma tuni zuciyata ta koma Wudil.

A shekarun da kuɗin fetur ya shigo ne aka ja mana wuta, Baba ya maƙala ƙwan lantarki a ƙofar ɗakin Kaka. Da damina ta sauka, shinge ya riƙa yi wa ƙwan dafifi bayan magariba, tsaka kuma suka mai da bangon kasuwa. Ka san yadda muka tashi: in an ga tsaka, takalmi ake nema. Kaka ba ta kuskure.

Ran nan ta auna wata 'yar siririya, ta ɗaga hannu. Sai ga wani ƙato ya gangaro yana karkaɗa jela, har ya taɓa ta da harshe. Siririyar ta ɗaga tata jelar, ta kaɗa, ta matsa gefe. Ya sake zuwa, ta sake matsawa. Can wani ya fito daga tsagar azara, bai kai na farkon girma ba, yana tafe yana tsayawa, yana 'yar ƙararsa. Wannan karon ta tsaya cik. Ya kama fatar wuyanta da baki, a hankali, kamar kyanwa ta ɗauki ɗanta.

Hannun Kaka yana sama har lokacin.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ashe ita ma tana da ta cewa." Ta juyo gare ni. "Kai mijin banza, rufe idonka."

Goggo, ƙanwar Baba, ta ce, "Inna, ladan fa?"

"Bar ta. Wa yake kashe amarya?"

Daga baya na ga ɗawisu yana baza jela a Indiya, na ga bareyi suna karo a Kenya, macen tana kiwonta kamar ba don ita ake yi ba. Babu wanda ya girgiza ni kamar abin da na gani a bangon nan.

Yanzu gidana silin ne da feshin magani, bangon fes. Jikokina a waya suke kallon dabbobi. In na ba su labarin nan, tambayarsu ɗaya ce, me ya sa ta ƙi babban. Har yau ban sani ba.