Kekuna Bakwai Zuwa Maraɗi

A shekarar da abokina maɗinki zai yi aure, ni ne babban abokin ango. Ba a ma tambaye ni ba, don tare muka tashi a unguwa ɗaya a Jibiya, kuma shi ya tsaya mini a nawa auren shekara biyu kafin nan. Rumfarsa ta ɗinki tana kallon tawa ta gyaran keke. Hanyar mota ce kawai tsakaninmu, wadda ta miƙe ta tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faranshi ke mulki. Lokacin Turawa na nan, ta nan da ta can.

Matata ta rasu a ƙarshen daminar wannan shekara wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Na zauna na karɓi gaisuwa, aka yi sadakar arba'in, na koma rumfa. Mutane suna ta yaba haƙurina. Ni na san ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne kawai. In an kawo abinci in ci, in an kira salla in tashi, in an kawo faci in liƙe.

Da aka gama kaka aka sa ranar auren. Sai abokinmu mahauci, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce a fitar da ango yawo na kwana biyu kafin ɗaurin aure, ya yi sallama da samartaka. Mu bakwai muka taru a rumfar ɗinki bayan la'asar. Wani ya ce a je Katsina.

Mahauci ya ce, "Katsina kowa ya san uban kowa. Ka tsaya kallon rawa da la'asar, kafin magariba labari ya riga ka gida. Mu tahi Maraɗi. Akwai kokawa, akwai masu kalangu, ga burodin nan nasu mai tsawo kamar sanda."

Aka yi ta musu. Ango kuwa yana ta taka kekensa na ɗinki. Can ya ɗago ya dube ni.

"Kai mi ka gani?"

"Duk inda kuka ce."

"To Maraɗi. Kuma kai za ka shirya."

Washegari mahaifin ango ya aika a kira ni. Na durƙusa a zaure. Ya ce ya yarda ne don ina ciki, in kai su in maido su, ba ya son jin wani labari. Na ce, "To, Baba."

Na fara da neman mota. Direban lorin da ke zuwa Maraɗi ya ce zuwa dai zai kai mu a bisa kaya, amma dawowa bai san rana ba. Sai na yanke a tafi da keke. Mu huɗu ke da shi. Na aro biyu, na bakwai kuwa na harhaɗa shi daga tarkacen da ke bayan rumfata. Kwana tara na yi a kansu. Na kwance kowace ƙafa na ɗaure wayoyinta, na wanke sarƙa da kananzir, na gyara birki, na tsoma kowane tub a kwanon ruwa ina duba kumfa. Na ɗinka jakar fata na zuba famfo da sholisho na liƙe faci da guntayen roba.

Na ba wata mai kai goro saƙo ga kawun ango da ke zaune a Maraɗi, ya share mana zaure. Na hau keke har Ɗan Isa na gaya wa ma'aikacin duwan, wato masu duba kaya a ɓangaren Faranshi, cewa za mu wuce da kekuna bakwai kuma za mu dawo da su, ba na sayarwa ba ne. Ya rubuta takarda ya buga hatimi. Na sa mahauci ya yi kilishi. Na tsayar da rana: mu tashi Juma'a da asuba, mu yi salla a can, mu dawo Asabar da yamma saboda kasuwarmu ta Lahadi. Samarin sukan leƙo rumfa suna ta zumuɗi, wannan ya ce ya wanke hula, wancan ya ce ya ari agogo. Nakan ce madalla, in ci gaba da abin da nake yi.

Ƙauyen su matata yana gaba kaɗan da Ɗan Isa, ana hango rumbunansu daga hanya. Tun sadakar arba'in ban taka can ba. Da nake tsara inda za mu huta, sai na zaɓi wata rijiya kafin a kai mararrabarsu, don mu wuce ba tsayawa. Ba tsoro nake ji ba. Na ga dai ba ni da abin da zan ce musu.

Ranar Juma'a muka tashi. Inda yashi ya yi yawa mu sauka mu tura. Muka wuce duwan lafiya, muka sha ruwa a rijiyar da na ce. Da muka kai mararrabar, ango da ke gaba ya taka birki ya sa ƙafa a ƙasa.

"Nan za mu sha ruwa."

Na ce, "Ai mun sha."

"Ni ban ƙoshi ba."

Ya karya kan keke ya shiga hanyar ƙauyen. Sauran suka bi shi, ni na zo ƙarshe.

Surukata tana sheƙar gero a ƙofar gida. Na cire takalmi na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ta shiga ta dama fura a babbar ƙwarya ta kawo. Da ta ji dalilin tafiyar, ta sa wa ango albarka mai tsawo. Sannan ta yi mini magana, idonta na kan faifan da ke hannunta.

"Ka rame."

"Aiki ne, Inna."

"Wa ke yi maka tuwo?"

"Daga gidanmu ake aiko mini."

Ta gyaɗa kai. Hawaye suka zubo mata, ta sa bakin zane tana sharewa ba sauti. Mahauci ya ajiye ludayi ya juya baya, na ga kafaɗunsa na motsi. Ni ina durƙushe ina jira ko wani abu zai taso mini. Bai taso ba. Sai na lura tayar baya ta keken ango ta yi laushi, na tashi na ɗauko famfo na ba ta iska.

Da za mu tafi ta ce, "Ka riƙa biyowa. Ba sai da dalili ba."

Mun isa Maraɗi ana shirin salla. Kawun ango ya yanka mana bunsuru. Da la'asar aka je filin kokawa. Mahauci ya tuɓe riga ya shiga, wani ɗan siririn mutum ya kayar da shi kafin a gama kiɗan farko, aka yi ta dariya har da shi. Masu kalangu suka ji akwai ango, suka kewaye shi, ya yi rawa da sabuwar rigar da ya ɗinka wa kansa. Ni na riƙe masa hula. Na ga komai sarai, har ƙurar da ta hau takalminsa, amma kamar ana yi wa wasu ne a wani gari. Washegari da safe suka shiga kantuna. Na ce su je, na zauna a ƙofar zaure na sake duba kekunan ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar dawowa ango ya rage gudu har muka jera, sauran suka yi gaba.

"Da gangan na ɗora maka aikin nan. Na ce ko za ka farka."

"Na sani."

"To?"

"Ban sani ba. Ina nan dai."

Muka yi 'yar tafiya. Sannan ya ce, "A hakan ma muna so."

Mun shiga Jibiya kafin magariba, faci biyu kawai muka yi a hanya. Na je na gaya wa mahaifinsa mun dawo. Juma'ar da ta zagayo aka ɗaura aure, na yi duk abin da babban aboki yake yi, ba wanda ya kuka da ni.

Kafin damina ta faɗi na koma ƙauyen sau uku, ni kaɗai, da gishiri da goro a bayan keke. Nakan zauna da surukina a zaure mu yi maganar gero da awaki. Surukata kuma ta aiko da fura, in sha, in yi sallama in hau hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.