Ɓarawon da Siebren Ke Rayawa

Shekara bakwai ke nan Siebren Postma yana yawo a birnin Zwolle da wayoyi biyu waɗanda ba nasa ba. Ofishinmu ɗaya da shi a makarantar da ake koya wa 'yan sanda tono shaida daga cikin waya da kwamfuta. Doka ta hana a ba ɗalibai wayar mai laifi na gaske, don haka sai an ƙirƙiro ɓarawo an yi masa rayuwa. Siebren aka ɗora wa aikin, wai na wata shida.

Kuma ba a zaune ake yi ba, don waya tana riƙe duk inda aka kai ta. Dole ya hau keke cikin ruwan sama ya je inda ɓarawon zai je, ya ɗauki hoton burodi da cukun da ya ci, ya tura wa budurwar ƙarya saƙo, ya zaro ɗaya wayar ya ba kansa amsa, sannan ya goge don ɗalibai su tono. Mutumin da a da yake damƙe 'yan damfara na gaske! Ni kam tausayi yake ba ni, wani lokaci har da haushi.

Duk shekara sai ya nemi a mayar da shi sashen bincike. Bana shugabarmu Aukje ta ce, "In duk ajin nan suka ci jarrabawa, kama gabanka."

Na ja shi gefe. "Mutumina, ga ƙofa an buɗe maka. Ka bar saƙon da za su tono a jarrabawar a fili mana, wa zai sani?"

"So kake in yaye makafi, gobe su ɗaure mai gaskiya?"

"To waliyyi, sai ka tsufa kana soyayya da aljihunka."

Ya yi dariyar yaƙe. Sati biyu yana juya maganar, na gani a fuskarsa. Ƙarshe dai ya binne saƙon inda ɓarawo mai wayo zai binne shi. Cikin ɗalibai sha biyu, huɗu suka faɗi.

Ran Litinin Aukje ta ajiye sabuwar waya cikin kwalinta a teburinsa, ta kasa haɗa ido da shi. Siebren ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya juyo gare ni.

"Wannan sabon ɓarawon kuma wane suna za mu sa masa?"