Malam Uwaisu da Shekarar Annoba

Malam Uwaisu Jalo ya zo Landan ne da niyyar karatun harhaɗa magunguna, karatun bai ƙare ba, shi kuma bai koma gida ba. Da arzikin man fetur ya buɗe, mutanen Arewa suka riƙa tururuwa zuwa neman lafiya, sai ya zama tafintansu. Shi ke tarbo mara lafiya a filin jirgi, ya kama masa layin ganin likita, ya zauna kusa da gado yana mayar da Turanci Hausa. Mutum ne mai yawan tambaya, har matarsa Hadizatu kan ce ko gishiri aka ba shi sai ya tambayi tekun da ya fito.

A shekarar 1975 'yarsa Zinatu, wadda aka haifa a unguwar Catford ta Landan, ta dawo daga makaranta da aiki. Malamarsu ta kafa taswirar duniya a bango, ta ce kowane ɗalibi ya kawo labarin abin da ya faru a garin iyayensa a shekarar 1349, lokacin da babbar annoba ta cinye mutanen Landan. Wanda ya kawo, a soka allura a kan garinsu.

"Baba, ni na haƙura," in ji Zinatu da Turanci, don tana jin Hausa amma ba ta mayarwa. "A Kano ba abin da ya faru."

Maganar ta tsaya wa Malam Uwaisu a rai. A laburare ya karanta cewa annobar ta ratsa Alƙahira da Tunis, ta kai har Makka. Daga nan kudu kuwa littattafan da ya samu suka yi shiru. Sai ya koma tambayar marasa lafiyarsa. Wani ɗan kwangila ya ce shi farashin siminti ya sani. Wani kuma ya ɗauka wasa ne.

Ana haka aka kawo Hajiya Yelwa, wata dattijuwa daga unguwar Madabo ta Kano, aikin ido. Tana kwance da bandeji ya karanta mata lambar shekarar. Ta yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

"Kai ɗan nan, boko ya gama da kai. Shekara ai suna gare ta. Ni shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano aka haife ni, wa ya taɓa ba ni lamba? Faɗa mini wa ke sarauta a lokacin."

"Shi ne ban sani ba, Hajiya."

"To ka ji! Mu dai an ce kakanninmu Wangarawa daga Mali suka taso, zamanin Sarkin Kano Yaji, da littattafansu."

Ya koma laburare da wannan sunan, ya tarar masana sun ɗora farkon sarautar Yaji a kan wannan shekarar, amma da ƙiyasi, ta hanyar tara shekarun sarakuna a koma baya. Ranar zuwan Wangarawa kuwa ba wanda ya tabbatar. Ya daɗe yana shawara, don ba ya son ya ba yarinya abin da ba shi da tabbas a kansa. Daga ƙarshe ya faɗa mata duka, da abin da aka sani da wanda ake zato.

"Annobar ta kai can?" in ji Zinatu.

"Ban samu wanda ya sani ba."

"Ko Miss?"

"Tambaye ta mana."

Ta tambaye ta a gaban aji, malamar ta ce gaskiya ba ta sani ba. Ta miƙa wa Zinatu allura, aka ɗauko kujera ta hau, ta bi taswirar da yatsa daga Tunis, ta ƙetare hamada, ta soka a kan Kano.